Ranar da Cenning Ta Yi Rawa

Labarin zuwan baƙuwa ya iso makarantar firamare ta Salo Bunne ana cikin hutun tara, kuma kafin a kaɗa ƙararrawar komawa aji har an fara gardamar wanda zai kawo kifi.

Duk ɗakin malaman nan Tenri ce kaɗai ta damu da abin da zai kawo matar, don ita ta jawo ta. Tun farkon zango take sintiri a kan babur tsakanin ƙauyen da ofishin ilimi na gunduma, har mai gadin ƙofa ya daina tambayarta wurin wa ta zo. Gunduma ta samu malama guda ɗaya tak wadda ta koyi koyar da kurame da yaran da karatu ke ba wa wuya, kuma makaranta ɗaya za a ba: ko Salo Bunne, ko wadda ke hayin kogi. Jami'ar da abin ke hannunta, Bu Halijah (a wajenmu Bu ake kiran babbar mace don girmamawa), ta ce ba za ta yanke hukunci daga kan kujera ba. Za ta zo ta ga yaran da idonta, inda buƙata ta fi yawa nan malamar za ta zauna.

Tenri kuwa saboda Cenning take son malamar.

Cenning 'yar shekara goma ce, tana aji huɗu, a bencin ƙarshe gefen taga. Zazzaɓi ya tafi da jinta tun ba ta fara tafiya ba. Rubutunta ya fi na kowa kyau a ajin. Duk abin da ke kan allo sai ta kwashe shi tsaf, har da ɗigon allin da hannun malami ya bari bisa kuskure, amma ba ta san harafi ko ɗaya ba, ba ta ma san cewa waɗannan zane-zanen suna faɗin wani abu ba. Haka aka yi ta ciyar da ita gaba shekara bayan shekara, saboda littafinta fes yake kuma ba ta damun kowa. A wajenmu yaron da ba ya damun kowa ya riga ya ci jarrabawa.

Da ajin ya zo hannun Tenri sai ta riƙa tsayawa a kan gada da yamma, inda waya ke ɗan kama sabis, tana kallon bidiyon maganar hannu. Abin da ta iya kwasowa kaɗan ne: abinci, gida, uwa, ruwa. Ranar da ta nuna wa Cenning su, yarinyar ta ƙura mata ido, ta maimaita, sannan ta damƙi hannun rigarta ta ja ta zuwa ƙofa ta nuna. Ta nuna taga. Ta nuna kyanwar da ke kwance a baranda, ta nuna hadarin da ya taso daga teku, ta nuna ƙirjinta. Kowanne tana jiran a ba ta sunansa. Tenri ta tsaya da hannuwa biyu a sake, ba ta da abin da za ta ba ta. Ta gama jami'a a birnin Makassar, ta karanta manhaja tsohuwa da sabuwa, amma ba ta taɓa jin jahilcinta kamar ranar ba.

Hedimasta ya tara malamai bayan an tashi. Hedimastan, Puang Mappa (Puang laƙabin masu asali ne), wan mahaifiyar Tenri ne, kuma duk wanda ka tambaya zai ce maka mutumin kirki ne. Ba ya cin kuɗin makaranta, ba ya dukan yara, ba a taɓa yin jana'iza a ƙauyen babu shi a sahun gaba ba. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Matsalarsa ɗaya ce, kuma ita ce matsalarmu duka: idan ya ji an ce baƙo, kunnensa ba ya ɗaukar sauran maganar.

Nan take ya raba aiki. A shafa wa duwatsun bakin hanya farar ƙasa. A bi gida-gida a aro tukwanen furanni. A fito da kwamfutocin da gwamnati ta aiko, waɗanda ke kulle a kabad ɗin ofishinsa tun zuwansu don kada yara su lalata a tambaye shi. A fitar da karyayyun bencina da baburan malamai daga laburare, a share, a cire wa littattafai kaɗan ledarsu a baza a kan tebur. Bu Rosnah, wadda ta fi kowa daɗewa a makarantar, za ta shirya 'yan mata masu rawar tarbar baƙi. Kifi kuwa a samo manya daga tafkin surukinsa.

Tenri ta bari ya kai aya, sannan ta ɗaga hannu kamar ɗaliba.

"Puang, a yi mini afuwa. Matar nan ba kyau za ta zo gani ba, rashi za ta zo gani. In muka share muka shafe, me za ta tarar?"

Pak Jufri, malamin wasanni, ya ce wa na kusa da shi a miƙo wa Minista lasifika, jawabi ya tashi. Aka yi dariya. Bu Rosnah ta ce ita tana tarbar baƙin gunduma tun Tenri na cikin tsumman goyo, kuma kowannensu yakan aiko cewa kada a wahalar da kai, amma in ya zauna da ido yake ƙirga faranti.

Tenri ba ta kula su ba. Ta ambaci Cenning, ta ambaci yara maza biyu na aji biyu waɗanda sa'o'insu suka gama firamare suka bar su a benci ɗaya. Ta ce su za a sa a gaba, su ne dalilin zuwan. Muryarta ta ɗaga fiye da yadda ta yi niyya.

Puang Mappa ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"'Yata, kin taɓa ganin an shigo da baƙo ta ƙofar kicin? Yaran nan da kike lissafawa suna da iyaye. Iyayen su ma suna da mutuncin da suke karewa a garin nan. Ba zan jera 'ya'yan mutane kamar kayan kasuwa wata ta zo daga birni ta duba ba."

Da yammar ranar ya sa hularsa ya hau matakalar gidajen yaran maza biyu, ya zauna a tabarma, ya sha shayi, ya ce yaran su huta ranar da baƙuwa za ta zo. A wajenmu idan mai asali irinsa ya hau matakalar talaka da ƙafarsa, ba a ce masa a'a. Godiya ma aka yi masa. Tenri ta ji labari ta bi shi har gida. Ta yi tsaye a gabansa tana magana, abin da 'yar ƙanwa ba ta yi, har matarsa ta leƙo daga kicin ta koma. Ta ce ko da za a kore ta daga aiki, Cenning sai ta zo makaranta ranar. Ya dube ta, ya ce to, Cenning ta zo. Tenri ta sauko matakala tana ganin ta yi nasara.

Washegari aka jingine karatu gaba ɗaya. 'Yan aji shida na goge bango, 'yan aji biyar na dakon furanni, ƙanana na tsince ciyawa. A jikin kowane aji an manna sabuwar takarda mai launi daga manhajar bana, wadda ke cewa a bi kowane yaro da irin tasa fahimtar. Tenri ta wuce ta gabanta, ta zagaya bayan aji shida inda ganga ke tashi, ta tarar da Cenning a layin masu rawa.

Ashe Bu Rosnah ta daɗe da lura cewa duk sanda ake gwaji yarinyar na maƙale a taga tana kwaikwayo. Da aka sa ta a layi sai ta fi masu kunnen iyawa. Idonta na kan diddigen ta gabanta, ganga kuwa a ƙirji take jin ta, kuma tunda ba ta jin tsokanar yara maza daga gefe, ba abin da ke raba mata hankali. Wanda bai sani ba ba zai taɓa gane ba ta ji ba. Bu Rosnah ta ce wa Tenri ta rufe baki kada ƙuda ya shiga, ga ɗalibarta nan an samo mata abin da ta iya, ba tare da an je jami'a ba.

"Kin ce ta zo," in ji Puang Mappa yana wucewa. "Ga ta nan. Kuma kowa zai gan ta."

Ba ba'a yake yi ba. Har cikin ransa yana ganin ya yi wa kowa adalci, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Tenri rai.

Ta nufi gidan su Cenning da la'asar. Gidan na bakin teku, a kan dogayen dirkoki kamar sauran, kuma a inuwar ƙarƙashinsa mata ke zama suna ƙulla irin ciyawar teku a jikin igiya, maza su kai igiyoyin cikin teku da safe ciyawar ta girma a sayar. Uwar yarinyar, wadda kowa ke kira Indo Cenning, wato Uwar Cenning, ta miƙe da hannu jiƙe ta goge wa Malama kujera. Kafin Tenri ta buɗe baki har ta aika an sauko da kayan: jar rigar rawa shara-shara, zanen siliki, awarwaro masu ruwan zinariya, duk aro daga gidan 'yar'uwarta. Ta ce mijinta ma ya ce ba zai shiga teku ranar ba.

"Tun da na haife ta, Malama, ba a taɓa aiko mini an ce ana son ta a wani abu ba. Sai dai a ce in zo in kama ta kada mota ta buge ta."

Matan suka yi ta tsokanarta wai ta fara tafiya irin ta uwar amarya, gobe-jibi sai an yi mata sallama sau biyu kafin ta amsa. Tenri ta jira suka lafa, sannan ta yi bayani a hankali: malamar da za a kawo, maganar hannu, yadda Cenning za ta iya karatu kamar kowa, da yadda duk wannan ba zai yiwu ba sai baƙuwar ta san yarinyar ba ta ji. Indo Cenning ta saurara tana ninke zanen. Ba ta yi gardama ba. Ta ce tana so, wace uwa ce ba za ta so ba.

"Amma ki bari ta yi rawarta tukuna. In an gama, ki ja matar gefe ki gaya mata a kunne. Ba a gaban mutane ba, Malama. Abin da na roƙe ki ke nan."

Tenri ta ce ta yi alkawari. A lokacin ba ta ga wahalar abin ba.

Ta manta cewa a wajenmu ba a barin baƙo shi kaɗai. Ranar zuwan, tun da Bu Halijah ta sauko daga mota aka ɗora mata lema, Puang Mappa a damanta, Bu Rosnah a hagunta. 'Yan mata suka yi rawa suna watsa mata gasasshiyar shinkafa, Cenning a tsakiyarsu, wuyanta a miƙe, ba ta kuskure taku ba. Iyaye sun cika farfajiya. Indo Cenning na tsaye jikin shinge ta toshe baki da gefen mayafi, mijinta a gefenta cikin rigar sallarsa. Tenri kuwa, da yake ita ce ƙarama a malamai, an ba ta aikin shayi.

Aka zagaya da baƙuwa. A ɗakin kwamfuta yara na zaune a gaban na'urorin da hannuwansu a cinya, an gargaɗe su kada su taɓa. Na sahun gaba ne ma kawai ke kunne, don soket ɗaya ne a ɗakin. A laburare Bu Halijah ta ɗauki littafi ta buɗe, shafukan suka ƙi rabuwa da juna, ta mayar ta ajiye. Mace ce mai jiki, da gajiya a fuska, irin wadda ta sha ganin ɗanyar farar ƙasa a kan duwatsu. A aji huɗu Puang Mappa da kansa ya karɓi sanda ya nuna allo, yara suka karanta da murya ɗaya, laɓɓan Cenning na motsi tare da nasu. Ya ɗauko littafinta ya miƙa. Baƙuwa ta ce an daɗe rabon da ta ga rubutu mai kyau haka, ta shafa kan yarinyar.

Tenri na tsaye a ƙofar ajinta da butar shayi a hannu. Duk sanda ta matso kusa da matar sai a tuna cewa sukari ya ƙare, ko ba a kawo ruwan wanke hannu ba. Ba ta san ko da gangan ake yi ba. Wataƙila ma ba sai an yi da gangan ba.

Aka zauna cin abinci a baranda: shinkafa, gasasshen kifi da yajin ɗanyen mangwaro, barongko, turararriyar ayaba da ƙwai, a naɗe cikin ganyenta. 'Yan rawa ne ke kai da kawo da tire masu murfi, har yanzu cikin jajayen rigunansu. Da Bu Halijah ta wanke hannu sai ta gyara zama ta yi tambayar da ta kawo ta, cikin ladabi kamar mai neman afuwa: ko akwai yara a makarantar nan da ke buƙatar malama ta musamman?

"Alhamdulillahi," in ji Puang Mappa. "Ga yaranmu nan, kin gan su. Muna iya ƙoƙarinmu."

Bu Halijah ta gyaɗa kai. Ta dubi agogo, ta ce ana jiranta a hayi kafin la'asar. Direba ya tashi ya je ya tayar da mota. Aka fara kai tsaraba, zanen siliki da mazarƙwaila da kifin da ya rage.

Tenri ta duba. Tsakanin baranda da mota ba nisa, kuma kawunta zai raka matar har ya rufe mata ƙofa. Babu gefen da za ta ja ta, babu kunnen da za ta kai ga shi. In motar nan ta hau gada, Cenning za ta koma bencinta, ta shiga aji biyar, ta shiga shida, a ba ta takardar gamawa ba ta san sunanta ne a jiki ba.

Ƙararrawar makarantar tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a reshen mangwaro, dab da matakalar baranda. Cenning na tsaye a wurin da tire a hannu, ta ba shi baya. Tenri ta ajiye buta, ta ɗauki sandar ƙarfen, ta maka da dukkan ƙarfinta.

Kowa ya zabura. Wata 'yar rawa ta saki tire, wani jariri ya callara kuka, Pak Jufri ya zubar da shayi a wandonsa, kaji suka watse. Cenning ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ga dai mutane sun firgita, sannan ta ga duk idanu sun dawo kanta. Sai ta yi murmushi, ta ɗan rusuna yadda Bu Rosnah ta koya mata, a zatonta rawar ake yabawa.

"Sunanta Cenning," in ji Tenri. Muryarta ta kai har shinge. "Ba ta ji. Rubutun da kika yaba, ba ta san harafi ɗaya a ciki ba. Akwai wasu biyu, an ce su zauna a gida yau. Su kika zo gani."

Ba wanda ya motsa. Cenning ta bi idanun mutane ta waiwaya, ta ga Malamarta a bayanta da sandar ƙarfe, ta ga ƙararrawa na lilo. Ta nemi fuskar uwarta a cikin taro ta same ta. Murmushin bai tafi lokaci ɗaya ba, a hankali ya riƙa zamewa.

Indo Cenning ta ratso mutane. Ta karɓi tiren daga hannun 'yarta, ta hau baranda ta ajiye shi a kan tebur yadda ya kamata, ta rusuna ta nemi afuwar baƙuwa. Sannan ta kama wuyan hannun yarinyar suka fita, awarwaron aro na ƙara, mijinta na biye da su kansa a ƙasa.

Bu Halijah ba ta dubi Tenri ba, farantinta ta duba. Can ta tambayi Puang Mappa, da murya ƙasa-ƙasa, ko yana da abin da zai ƙara. Muryarsa ba ta canza ba. Ya ce a yi haƙuri da ɗiyarsa, ƙuruciya ce da zafin karatu. Yarinyar kuwa kunnenta na da ɗan nauyi, gaskiya ne, amma ai an ga rawarta, an ga rubutunta. Makaranta na kula da nata.

Abin da ake nema daga bakinsa bai wuce ya ce e, muna buƙata ba. Amma faɗin haka na nufin ya yarda cewa abin da ya faɗa ɗazu ba gaskiya ba ne, a gaban iyaye, a gaban malamansa, kuma 'yar ƙanwarsa ce ta kama shi. Aka ɗora wannan a sikeli ɗaya da rayuwar yarinya guda, kuma duk wanda ke barandar nan ya san ɓangaren da zai rinjaya.

Wannan karon ba wanda ya tare Tenri da ta bi matar zuwa mota. Kowa ya ja baya kamar tana ɗauke da cuta. Bu Halijah ta zauna ta gyara zanenta kafin ta yi magana.

"Gaskiya kika faɗa, ƙanwata. Amma kin toshe mini hanya. Malamar nan a ƙarƙashinsa za ta yi aiki, sai shi ya nema. Kuma in na turo ta yanzu, na gaya wa garin nan kaf cewa Puang ƙarya ya yi, bayan na ci abincinsa."

"To ki gaya musu, Bu."

Matar ta dube ta kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ja ƙofa ta rufe.

Makarantar hayi aka ba. An ce hedimastar can baƙuwar gari ce, ba ta da dangin da za ta ji wa kunya, ta jera yaranta a ƙarƙashin rufin da ke yoyo ta ce ga su nan. A Salo Bunne kwamfutoci suka koma kabad, furanni suka koma gidajen masu su, babura suka koma laburare. Puang Mappa bai yi wa Tenri faɗa ba. Daina kiran sunanta ya yi, in yana da saƙo sai ya ba Bu Rosnah. Mahaifiyarta ta yi kuka, ta dafa abinci ta je ta ba yayanta haƙuri. A kasuwa, a ƙofar masallaci, a ƙarƙashin gidaje, maganar ɗaya ce: rashin tarbiyyar Tenri, da abin da birni ke yi wa 'ya'yan mutane. Ta kasa kunne ko za ta ji wani ya tambayi yadda aka yi yarinya ta kai aji huɗu ba ta san harafi ba. Ba ta ji ba. Cenning kuwa ba ta sake zuwa ba, har wani yaro mai son kallon waje ya kwashi jakarsa ya koma bencinta.

Tenri ba ta haƙura ba. Ta haye gada ta sami sabuwar malamar, Bu Lince, wata siririyar mace daga can kan tsaunuka, ta tarar da ita zaune a ƙasa yara sun kewaye ta. Ajin shiru, amma hira ake yi ba ƙaƙƙautawa, hannuwa na ta tashi, wani yaro na dariya har da hawaye. Bu Lince ta ce a kawo yarinyar, shekara goma ba a makara ba, amma kada a ƙara jira. Tenri ta ga in ta fito bayan sallar asuba za ta iya ɗaukar Cenning a babur ta kai ta hayi ta dawo kafin a shiga aji. Mai da wahala duk nata. Izini kawai take nema.

Ta sami matan a ƙarƙashin gida kamar kullum. Da suka gan ta hirar ta mutu. Cenning na zaune a ƙarshen layi da tulin ciyawa a gabanta, yatsunta sun yi fari saboda ruwan gishiri, tana ƙulli da sauri fiye da manyan.

Tenri ta durƙusa ta gaishe da Indo Cenning, ta nemi gafara, ta faɗi abin da ya kawo ta. Matar ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen igiyarta.

"Abu ɗaya na roƙe ki, Malama."

"Na sani, Indo. Mota ce za ta tashi, ban ga wata hanya ba."

"Duk garin nan wa bai san ba ta ji ba? Kowa ya sani. Amma ba wanda ya taɓa buga mata ƙarfe a baya don mutane su kalla." Ta jawo wata igiyar. "Kayan makarantarta ita da hannunta ta tura su ƙasan kabad. Ni ban hana ta ba."

Tenri ta yi magana mai tsawo, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ta ce yarinyar za ta girma, za ta yi ciwo ta kasa gaya wa likita inda ke mata zafi, za a cuce ta ta kasa faɗin wanda ya cuce ta. Ta ce fushin da ake yi da ita a yi, ta cancanta, amma kada abin ya ƙare a kan Cenning. Ta ce a gwada ko na ɗan lokaci ne, in yarinyar ba ta so a fasa. Wata tsohuwa a cikin matan ta ce a hankali, ba tare da ta dubi kowa ba, ai ga wani jawabin ya tashi.

"A hayi ma mutane ne," in ji Indo Cenning. "Su ma suna yin baƙi. Ba zan sake ba da ita a nuna ba. Hannunta ya iya ƙulli, wannan ba ya neman kunne. Ki gaida gida, Malama."

Tenri ta miƙe. Babur ɗinta na can bayan layin matan, sai ta zagaya ta ƙarshen da Cenning take. Yarinyar ba ta daina ƙulli ba, ba ta kuma gaishe ta ba. Amma da Tenri ta zo wucewa ta bayanta sai ta juya a kan 'yar kujerarta, igiya da komai, ta fuskance ta, ba ta yarda ta ba ta baya ba. Tenri ta ƙara taku, ita ma ta ƙara juyawa. Haka ta yi ta bin ta da gaba, ido cikin ido, ba fushi a fuskar ba murmushi, har Malamar ta fita daga inuwar gidan.

Tenri ba ta tayar da babur ɗin ba. Ta tura shi da hannu cikin rairayi har bakin hanya.